Manhajar da ta ce kwamfutarki ta kamu, ita ce cutar

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, kuma da laftof ɗin yayana nake rubuta furojet ɗina, ya bar mini ita da zai yi tafiya. Windows 10 ce a kanta. Ran Asabar Word ya fara damuna wai lasisinsa ya ƙare, sai wata ƙawata ta turo mini wani shafi da ake sauke abin da zai buɗe shi kyauta. Na sauke na danna. Washegari ina kunnawa sai ga wata manhaja mai hoton garkuwa ta cika fuskar kwamfutar tana ta ƙirga, ta ce ta gano manhajojin leƙen asiri 47, wai ana satar kalmomin sirrina. Duk abin da na buɗe sai ta rufe shi ta ce ya kamu. Ta ce in biya da dala za ta wanke mini. Saboda tsoro na saka lambar katina na ATM, amma kuɗin bai fita ba. Mai gyara ya ce sai dai a yi fomatin, ni kuma babi huɗu na aikina suna ciki. Yaya bai sani ba, ina jin nauyin faɗa masa. Zan iya cire ta da kaina?

Ɗaliba, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki. Da yardar Allah babi huɗun nan suna nan lafiya, kuma za ki iya cire wannan abu da hannunki. Amma kafin mu taɓa kwamfutar, ki fara da katin. Ki kira bankinki ta lambar da ke bayan katin, ko ki shiga manhajar bankin a wayarki ki rufe shi, yau ɗin nan. Rashin fitar kuɗin ba tsira ba ne. Lambar katin da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na bayansa, duk kin miƙa su ga mutanen da wannan ce sana'arsu. Suna iya sake gwadawa bayan mako biyu, suna kuma iya sayar wa wasu. Abin da za ki biya na sabon kati bai kai abin da za a iya kwashewa ba. In kuma wani ya kira ki daga baya ya ce daga banki yake, yana neman lambar da aka turo miki ta tes, ko fin ɗinki, ko BVN, wai don a dawo miki da kuɗi, ki katse kiran kada ki tsaya jin bayaninsa.

Ita wannan manhaja ba ta gano komai ba, don ba ta duba komai ba. Ƙirgar da kika gani, da sandar nan mai tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, da jajayen sunayen da take jerowa, duk shiri ne da aka gama tun kafin ta iso wurinki. Ko a kan sabuwar kwamfuta fil da aka ciro daga kwali aka saka ta, haka za ta ce ta ga cututtuka. Ɓarawo ne ya sa rigar mai gadi, ya tsaya a bakin ƙofa yana ihun an shigo gida, a ba shi kuɗi ya kore su. Word ɗinki bai kamu da komai ba. Ita ke rufe shi da gangan don ki ga kamar komai ya lalace, ki biya kafin ki samu lokacin yin tunani ko tambayar wani.

Kada ki ɗauki kanki wawiya don kin faɗa. Wannan damfara ta daɗe, kuma ta ci mutanen da suka girme ki a harkar kwamfuta. A watan Disamba na 2008 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Amurka, wato FTC, ta kai ƙarar kamfanonin da ke bayan WinFixer da XP Antivirus da DriveCleaner, ta ce sun yaudari fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan dala miliyan 163 a wannan shari'a. A watan Yuni na 2011 hukumar FBI ta sanar da tarwatsa wani gungu da ya karɓi kusan dala miliyan 72 daga mutane kimanin 960,000 ta wannan hanya. A shekarar ce ma wata mai suna Mac Defender ta addabi masu kwamfutocin Apple, waɗanda da yawansu ke ganin su abin bai shafe su ba. Sunaye suna canzawa, yau Security Tool, gobe Antivirus 2009, amma ginin ɗaya ne, shi ya sa hanyar cire su ma kusan ɗaya ce.

Maganar Yaya kuwa, ba zan ɓoye miki ba, sai kin faɗa masa, kuma kafin ki fara gyaran. Na san nauyin da kike ji. Ya ba ki amana, kin ga kamar kin ɓata. Amma ki duba abin da ke cikin wannan laftof: imel ɗinsa, wataƙila shafin bankinsa, Facebook ɗinsa, takardun wurin aikinsa, da duk kalmomin sirrin da ya bari burauza ta riƙe masa. Irin abin da kika sauke ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Mai ihun shi kike gani, amma sau da yawa akwai wani da ya shigo tare da shi yana kwasar kalmomin sirri shiru. In kika yi shiru kika gyara a ɓoye, Yaya zai ci gaba da amfani da kalmomin da wataƙila sun riga sun fita. Faɗan da zai yi miki na yini ɗaya ne. Ki kira shi ki ce, "Yaya, na sauke wani abu a laftof ɗinka ya zo da cuta, ina kan gyarawa, amma don Allah ka canza kalmomin sirrinka daga wayarka yanzu." Ya fara da imel, domin ta nan ake dawo da sauran asusun duka, sannan ya kunna tabbatarwa ta mataki biyu. Ke ma haka za ki yi da naki, daga waya, ba daga laftof ɗin ba. Ki kuma tambaye shi ainihin kalmar sirrin shiga kwamfutar, don a inda za mu je wani lokaci ba ta karɓar fin.

To, mu koma kan aiki. Ki raba kwamfutar da intanet tukuna: ki kashe wayifai, ki kashe hospot ɗin wayarki. Ki sa caja, ki zaɓi lokacin da akwai wuta ko batir ya cika, don ba a son ta mutu a tsakiyar wannan aiki. Ki ɗauki biro da takarda ki rubuta sunan da manhajar ta kira kanta da shi, harafi da harafi. Sai ki duba fuskar kwamfutar, yawancinsu sukan ajiye tambarinsu a nan. Ki ɗora linzami a kansa ki danna maɓallin dama, ki zaɓi Properties, ki dubi layin da aka rubuta Target. Wannan layin shi ne adireshin inda take kwance. Za ki ga wani abu da ya fara da C:\ProgramData ko C:\Users, sai sunan mai kwamfutar, sai AppData, sannan wata folda mai suna marar ma'ana, lambobi takwas a jere ko haruffa birkice kamar yaro ya taka madannai, a ƙarshe fayil mai ƙarewa da .exe. Ki kwafe shi duka a takarda, ko ki ɗauki hotonsa da waya. Manhajar kirki tana zama a Program Files da sunanta da sunan kamfaninta. Wadda ta ɓuya a AppData da sunan da ba ya karantuwa ta riga ta tona wa kanta asiri. Kada ki danna komai a cikin ita manhajar, ko da maɓallin da ya ce Cancel ne.

Ba za ki iya goge ta tana aiki ba, Windows ba zai yarda ba, ita ma ba za ta bari ba. Shi ya sa ake shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da ba makawa kawai, ya bar sauran suna barci. A Windows 10 da 11, ki danne maɓallin Shift, kina riƙe da shi ki danna Restart. In manhajar ta hana ki isa wurin, akwai alamar kashewa a kusurwar dama ta ƙasa a shafin da ake saka kalmar sirri, nan ma yana yi. Shuɗin shafi zai fito. Ki bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, sai Restart, in jerin ya fito ki danna 4. Masu tsohuwar Windows 7 su kuma F8 za su yi ta dannawa da zarar sun kunna. In ta nemi wata doguwar lamba ta BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanan kwamfuta da shi, ki tsaya, galibi a asusun Microsoft na Yaya take, shi zai ba ki. Za ki ga fuskar ta yi baƙi, rubutu ya yi manya, an sa Safe Mode a kusurwoyi huɗu. Haka yake, ba lalacewa ba ce. Mafi yawan lokuta a nan za ki ga mai garkuwar ba ta fito ba.

Abu na farko a nan shi ne aikinki. Ki sa filash wanda babu komai a ciki, ki kwafe babi huɗun, da hotuna da takardun Yaya masu muhimmanci. Takardu kawai, kada ki ɗauki duk wani fayil mai .exe, balle abin da kika sauke ran Asabar. In kika buɗe Documents kika ga wayam, kada gabanki ya faɗi. Akwai dangin wannan cuta da ke ɓoye fayiloli don ta tsorata mutum. A saman foldar ki danna View, ki sa alama a Hidden items, za ki gan su sun fito dishi-dishi. Daga lokacin da filash ɗin nan ya koma jakarki, mafi munin abin da zai iya faruwa shi ne fomatin, kuma shi ma ba zai ci furojet ɗinki ba.

Akwai gajeriyar hanya da ya kamata ki gwada. Ki danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito, ki rubuta rstrui. In an kunna System Restore a kwamfutar, zai nuna miki ranakun da ya ajiye. Ki zaɓi wata rana kafin Asabar. Wannan yana mayar da saitunan Windows yadda suke a ranar, ba ya taɓa takardu. Laftof da yawa, musamman na hannu, ana kawo su a kashe da shi, don haka in bai nuna komai ba ki wuce. Ko ya yi aiki ma, ki bi sauran matakan ki tabbatar.

Yanzu wurin da nake so ki nutsu, rajistar Windows. Nan ne Windows ke ajiye umarnin abin da zai tashi in an kunna kwamfuta, kuma nan manhajar ta rubuta sunanta. Da rajista ake farawa kafin a goge fayil, kuma akwai dalili: wasunsu sukan juya saiti ta yadda duk manhajar da aka buɗe sai ta bi ta hannunsu, in kika goge fayil ɗin tukuna sai komai ya ƙi buɗewa. Ki danna Start ki rubuta regedit, ki danna dama a kansa ki zaɓi Run as administrator. Wannan hanyar sau da yawa tana tsallake tarkon da suka ɗana. Yana buɗewa, kafin ki taɓa komai, ki danna File, sai Export, ki zaɓi All, ki ajiye kwafi. Kada ki tsallake wannan. Rajista ba ta da kwandon shara, abin da aka goge ya tafi.

A gefen hagu za ki ga foldoji kamar rassa. Ki bi HKEY_CURRENT_USER, sai Software, sai Microsoft, sai Windows, sai CurrentVersion, sai Run. A gefen dama za ki ga layuka, kowanne da suna da adireshi. Ki ɗauko takardarki ki gwada. Layin da adireshinsa ya zo daidai da wanda kika kwafa, shi ne. Ki danna dama a kansa ki goge shi, shi kaɗai, a gefen dama. Kada ki goge foldar Run ɗin kanta. Kusa da ita akwai RunOnce, ki duba. Sai ki maimaita wannan tafiya a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE. Za ki ga wasu sunaye da ba ki sani ba, na sauti ne ko na allon taɓawa ko OneDrive. Ki bar su. Rashin sanin abu ba hujjar goge shi ba ne, adireshin ne hujja. Sannan ki koma can sama ki danna Ctrl da F, ki rubuta sunan fayil ɗin nan marar ma'ana, ki nema, kina danna F3 don ya kai ki na gaba har ya ce ya gama.

Wannan neman zai iya kai ki wurare biyu da ba a gogewa, gyarawa ake yi. Ɗaya shi ne Winlogon, a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE ko HKEY_CURRENT_USER, sai Software, Microsoft, Windows NT, CurrentVersion. A nan layin da ake kira Shell ya kamata ya ce explorer.exe kawai. In an sa adireshin cutar a wurin, ki danna sau biyu ki mayar da shi explorer.exe. In kika goge layin na HKEY_LOCAL_MACHINE gaba ɗaya, kina iya tashi ki tarar da baƙar fuska babu komai. Na biyu shi ne HKEY_CLASSES_ROOT, sai exefile, shell, open, command. Abin da ya kamata ya kasance a nan shi ne "%1" %* ba ƙari ba ragi. Ki kuma leƙa HKEY_CURRENT_USER, Software, Classes. In kin ga .exe a wurin yana nuni ga wani baƙon suna da ke kai wa ga fayil ɗin cutar, wannan ita ta ƙirƙira shi, ki goge. Saura ɗaya: in ta kulle miki Task Manager, wato shafin da ke nuna manhajojin da ke aiki a lokacin, a CurrentVersion ɗin farko akwai Policies, sai System, za ki ga DisableTaskMgr da lamba 1. Ki mayar da shi 0.

In duk wannan ya yi miki yawa, akwai wata ƙaramar manhaja kyauta ta Microsoft mai suna Autoruns, daga cikin kayan Sysinternals da kamfanin ya saya a 2006. Tana jero duk abin da ke tashi da Windows a shafi ɗaya, har da sunan kamfanin da ya yi kowanne. Abin da na fi so game da ita shi ne ba sai kin goge ba, cire alamar da ke gefen layin kawai za ki yi, in kin yi kuskure ki mayar. A sauke ta daga shafin Microsoft a wata kwamfuta mai lafiya, a kawo miki a wani filash. Ko da ita ko babu, ki buɗe akwatin Windows da R ki rubuta taskschd.msc, in ya ƙi aiki a Safe Mode ki bari sai kin sake kunna kwamfutar yadda aka saba. Wannan jadawalin ayyuka ne, kuma nan ne maɓoyar da mutane suka fi mantawa. Ki duba kowane aiki a ɓangaren Actions. Wanda ke nuni ga foldar nan, ko aka ƙirƙira ran Asabar da sunan da ke kwaikwayon na Windows ko na Google amma adireshinsa AppData ne, ki goge shi. Da yawa daga cikin masu cewa sun cire ta dawo, a nan ta dawo musu.

Sai yanzu za ki je ga gangar jikinta. Ki bi adireshin da ke takardarki, ki goge foldar gaba ɗaya, ki goge tambarin da ke fuskar kwamfuta, da abin da kika sauke a Downloads. A akwatin Windows da R ki rubuta %appdata% ki duba, sai %localappdata%, sai %programdata%. A kowanne ki danna Date modified don ya jera su bisa kwanan wata, ki dubi abin da ya bayyana ran Asabar da Lahadi. Ranar ita ce babbar shaidarki. Wanda kike shakka a kansa, kada ki goge, ki canza ƙarshen sunansa daga .exe zuwa .txt, ba zai iya tashi ba kuma yana nan in an buƙace shi. Foldar %temp% ana iya share ta, sai dai in kin lura jerin manhajojin Start ya zama wayam. In haka ne ki bar ta tukuna, don akwai irin da ke kwashe su ya zuba a wata folda mai suna smtmp a cikinta, daga nan ake dawo da su. Ki zubar da kwandon shara, ki sake kunna kwamfutar yadda aka saba.

In ta tashi shiru, alhamdu lillahi, amma da sauran aiki. Mutane da yawa a nan suke cewa sun cire cuta intanet ya daina yi. Dalili shi ne ta karkatar da hanyar intanet ta bi ta cikinta, yanzu kuma ba ta nan. Ki shiga Settings, Network & Internet, Proxy. In Use a proxy server a kunne yake, da adireshi 127.0.0.1, wanda ke nufin ita kwamfutar kanta, ki kashe shi. Akwai kuma fayil mai suna hosts a C:\Windows\System32\drivers\etc. Ki buɗe shi da Notepad. A Windows 10 da ba a taɓa ba, kowane layi da alamar # yake farawa. In kin ga sunan Google ko Microsoft ko na kamfanonin rigakafi, wato antivirus, an jera su ba tare da alamar ba, toshe su aka yi don kada ki nemi taimako. Sai kin buɗe Notepad da Run as administrator zai bar ki ki share su ki ajiye. Daga nan ki shiga Chrome ki cire duk wani ƙari da ba ku kuka saka ba, ki je Site settings, Notifications, ki cire duk shafin da ba ki sani ba.

Wannan na ƙarshen ya shafi sauran masu karatu. A yau da yawan masu ganin irin wannan gargaɗi babu abin da ya shiga kwamfutarsu ko wayarsu. Wani shafi ne suka danna wa Allow, yake turo sanarwa da tambarin McAfee ko Norton ko Microsoft. In ka duba ƙasan sanarwar za ka ga sunan shafin da na burauzar. Cire izinin kawai ya wadatar. Kuma Microsoft ba ya sa lambar waya a gargaɗinsa. Duk gargaɗin da ya ce ka kira wata lamba, ko ka saka AnyDesk don a gyara maka daga nesa, damfara ce.

Hannu yana cire abin da ido ya gani ne kawai, don haka sai an bi da bincike na gaske. Ki buɗe Windows Security, Virus & threat protection. Ki tabbatar a kunne yake, ki duba Exclusions, domin abubuwan fasa lasisi sukan saka kansu a nan don kada a bincike su. Ki cire duk abin da kika tarar da ba Yaya ya sa ba. Ki haɗa intanet ya sabunta kansa, sai ki je Scan options ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike kafin Windows ya farka, wajen minti 15. Bayan nan ki yi Full scan, sannan ki sa filash ɗinki ki yi masa Custom scan. In kina son ra'ayi na biyu, Malwarebytes na kyauta yana da kyau, daga shafinsu na asali. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki rubuta sunan cutar a Google ki sauke abu na farko da ya ce shi ne maganinta. Akwai shafukan da ke jiran wanda ya tsorata, su ma su yi bincike kyauta, su ce sai an biya za su cire.

Mai gyaran da ya ce a yi fomatin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, gaggawa ya yi. Akwai lokacin da shi ne daidai. In manhajar ta fito har a Safe Mode ta hana ki regedit, ko ta dawo bayan duk wannan, ko Defender ya ƙi kunnuwa, ko kina neman abu a Google ana jefa ki wani shafi daban, to akwai wadda ta nutse can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Irin su Alureon an sha samun su tare da rigakafin bogi. A nan kada ki ɓata kwanakinki, lokacin difens yana matsowa. In kuma Yaya yana harkar kuɗi ko ta ofis da laftof ɗin, ni da kaina zan fi samun natsuwa a sake saka Windows ko da komai ya yi shiru, amma wannan shi zai yanke. In za a kai wa mai gyara, ki zauna a wurin, ki ce Windows ta asali daga shafin Microsoft kike so, kada ya loda miki tarin manhajojin da aka fasa. Ki kuma gaya wa Yaya cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, in laftof ɗin tana ɗaukar Windows 11 wannan ce damar komawa.

Ƙawarki ma ki sanar da ita, wataƙila tata kwamfutar tana ɗauke da wanda ba ya ihu. Batun Word kuma, kada ki koma neman abin fasa lasisi, ta wannan ƙofar aka shigo. LibreOffice kyauta ne, halal ne, yana buɗe fayilolin Word yana kuma ajiye su a docx, ba ya buƙatar data in an riga an saka shi. Akwai kuma Word na burauza da Google Docs in kina da intanet. Tsarin shafi yakan ɗan motsa tsakanin manhaja da manhaja, musamman teburori da lambobin shafi, saboda haka kafin ki kai wa sufabaiza ko wurin firintin, ki mayar da shi PDF ki duba shafi-shafi. Duk daren da kika yi rubutu, ki tura wa kanki kwafin ta imel kafin ki rufe laftof. Allah ya ba da sa'ar kammalawa.